Cinikin Biri a Sama: Gwajin Hobakiraf Kafin Saye Ya Wadatar?

Hobakiraf jirgi ne da ba ya taka ƙasa, cikinsa kuma ba ya nitsewa a ruwa. Fanka ce take tura iska ƙarƙashinsa, wani siket na roba da ya kewaye gindinsa ya tare iskar, sai jirgin ya ɗago ya zauna a kanta, farfela kuma ta tura shi gaba. Da haka yake ratsa ruwa da taɓo da yashi da ƙanƙara a tafiya guda. Injiniyan Ingila Christopher Cockerell ne ya tabbatar da dabarar a shekarun 1950, da gwangwanaye biyu da ya zura ɗaya cikin ɗaya yana hura musu iska, kuma jirgin farko da aka ƙera bisa tunaninsa, SR.N1, ya haye tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli, 1959. A yau akwai ƙanana masu ɗaukar mutum biyu zuwa shida, waɗanda ake saye don shaƙatawa ko kamun kifi ko aikin ceto, akwai kuma manya na jigilar fasinja. Masu ƙera su a Ingila da Amurka da Ostareliya sun saba da kira ɗaya: zo ka hau, ka tuƙa da hannunka, sannan ka biya. Masu saye sun rabu biyu a kan wannan kira. Wasu na ganin wanda ya sayi irin wannan jirgi bai hau ba ya yi cinikin biri a sama. Wasu kuma na ganin hawan na rabin sa'a shi ne babban tarkon, domin yana sa mutum ya ɗauka ya san abin da bai sani ba.

Hujjar masu cewa a gwada tana da ƙarfi, kuma tushenta shi ne yadda jirgin yake tafiya. Wanda ya iya mota zai iya kintatar halin wata motar daga takarda, haka wanda ya saba da kwale-kwale mai inji. Hobakiraf bai yi kama da ko ɗaya ba. Tun da ba ya taɓa komai, ba shi da birki irin wanda aka sani. Mai son tsayawa sai dai ya rage wuta tun daga nesa, ko ya juya jirgin ya fuskanci inda ya fito ya ba shi wuta, ko ya sauke shi ƙasa a hankali. Kamfanin Neoteric na jihar Indiana a Amurka ya yi suna ne saboda ya sa wa nasa na'urar mayar da iskar farfela baya don a samu abin da ya yi kusa da birki, wannan kaɗai ya nuna girman matsalar a sauran. Kwana ma haka take. Idan aka karkata filafilan da ke bayan farfela, hancin jirgin ne yake juyawa, amma gangar jikinsa tana ci gaba da zamewa inda ta dosa har sai ƙarfin iskar ya rinjaye ta. Iska mai kaɗawa daga gefe tana tafiya da shi, gangare kuma yana janye shi ƙasa ko direba ya so ko bai so ba. A ƙananan jirage har jikin direban yana cikin sitiyari, don sai ya karkata nauyinsa ɓangaren da yake son juyawa. Babu rubutun da zai sa mutum ya ji wannan a jikinsa.

Akwai kuma halaye biyu da masu tuƙi suke yawan magana a kansu, waɗanda hoton talla ba ya nunawa. Na farko, idan jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, iskar da ke ƙarƙashinsa tana danne ruwan ta yi masa rami, to kafin ya sake gudu sai ya haye tudun ruwan da shi kansa ya tara a gabansa. Jirgin da ya tashi fes da mutum ɗaya zai iya kasa haye wannan tudu da mutum uku da kayansu, musamman idan yana fuskantar iska, sai ya yi ta gurnani yana feshin ruwa yana jan jiki. Na biyu ya fi haɗari. Jirgi yana cikin gudu, galibi iska na bayansa, sai gaban siket ɗin ya lanƙwashe ciki, hancin ya caki ruwa, gudun ya yanke nan take, wanda bai riƙe da kyau ba ya tsinci kansa a waje. Ga ƙara, wadda ta sa masu hawa kan toshe kunne, ga feshin ruwa da ƙura. Mai saye don iyalinsa ya kamata ya ji wannan ƙara da kunnensa, maiɗakinsa da yaransa su ma su ji, kafin kuɗi ya fita daga hannu. Da yawa daga ƙananan jiragen da ake tallar sayarwa na hannu ba su yi wani aikin kirki ba, kuma ba wuya a gane dalili.

Shari'ar ciniki da Hausawa suka gada ta san wannan buƙata tun da daɗewa. Malaman Malikiyya sun halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi, wato mai saye ya riƙe haƙƙin fasawa zuwa wani wa'adi domin ya jarraba abin ko ya yi shawara. Abin lura shi ne ba su yanke wa'adi ɗaya ga kowace haja ba. Na tufafi gajere ne, na dabba 'yan kwanaki, na gida ya kai kamar wata guda, saboda aibin gida ba ya bayyana a yini ɗaya. Ma'aunin shi ne tsawon lokacin da abin yake buƙata kafin ya nuna halinsa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna gayyatar masu sayar da hobakiraf, kuma a nan ne ɓangare na biyu yake samun abin faɗa.

Masu shakkar gwaji suna cewa a duba wanda ya shirya shi. Mai sayarwa ne ya zaɓi wurin, shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa ko tafki marar igiya. Shi ya zaɓi ranar, idan iska ta yi ƙarfi ya ɗage. Jirgin da aka fito da shi an gyara shi tsaf, siket ɗinsa sabo, tankinsa ba cike ba, babu kaya a ciki, ƙwararren direba kuma yana zaune a gefe yana gyara kuskure kafin ya zama matsala. Sabon shiga a irin wannan hali ɗayan biyu ne yake samunsa. Ko dai daɗin zamewa daga tudu zuwa ruwa ba tare da ko girgiza ba ya ɗauke masa hankali ya sa hannu a takarda, ko kuwa rashin birki ya firgita shi ya guje wa jirgin da da ya yi masa amfani bayan horon mako guda. Duka biyun hukunci ne da aka yanke bisa motsin zuciya. Suna ƙarawa da maganar kuɗi. Masu ƙera waɗannan jirage ƙalilan ne a duniya, mai saye daga nesa sai ya nemi biza ya biya jirgin sama da masauki, kuma a ƙaramin jirgi wannan ɗawainiya tana cin kaso mai tsoka na farashin. Manyan kuwa sai an yi oda ake ƙera su, babu wanda yake ajiye a shago. A ganinsu gara mutum ya dogara da alƙaluman injiniyoyi, da takardar shaidar hukumomin da ke duba jiragen ruwa, da tarihin aikin irin wannan ƙira a hannun wasu.

Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, ban ga yadda za a musa shi ba. Rabi na biyu, wato dogaro da tarihin ƙirar a wani wuri, shi ne abin da labarin garin King Cove na jihar Alaska ya rushe. Garin ƙarami ne, na masunta, filin jirginsa yana tsakanin duwatsu, hazo da iska suna yawan rufe shi. A tsallaken ruwa akwai Cold Bay mai dogon filin jirgi da aka gina tun Yaƙin Duniya na Biyu. Domin a riƙa kai marasa lafiya can, an sayi hobakiraf mai suna Suna-X a kan kusan dala miliyan 9, ya fara aiki a 2007. Ƙirarsa ta Ingila ce, BHT130, daga mutanen da suka fi kowa daɗewa a wannan sana'a, kuma babu wanda ya ce jirgin jabu ne. A 2010 ƙaramar hukumar yankin ta tsayar da shi, ta ce ɗawainiyarsa ta haura dala miliyan ɗaya a shekara, kuma ba ya iya fita idan igiya da iska suka yi tsanani, wato a ranakun da jirgin sama ma ba ya tashi, ranakun da aka saye shi dominsu. Akwai masu cewa jirgin ya yi aikin ceton da aka nema daga gare shi, kuma hukumar ta fi son a gina hanyar mota ne ta cikin gandun Izembek. Ko da an karɓi wannan, abin da ya biyo baya ya isa shaida. An mayar da jirgin tsibirin Akutan a 2012, nan ma bai daɗe ba, a 2014 aka maye gurbinsa da jirgi mai saukar ungulu. Takardun jirgin duk daidai suke. Abin da ba a sani ba shi ne kwana nawa a shekara wannan ruwan zai bar shi ya fita, da nawa kowace fita za ta ci, kuma ba a samun wannan amsa sai an shafe hunturu a wurin.

Masu shakka za su ce to ga wurin da aka yi irin gwajin da kake so, me ya haifar? A watan Yuli na 2007, shekarar da Suna-X ya fara aiki, kamfanin sufuri na Stagecoach ya ɗauko hayar wani BHT130 ya yi mako biyu yana jigila a mashigin Forth na Sikotilan, tsakanin Kirkcaldy da Portobello a gefen birnin Edinburgh. Tafiyar minti ashirin ce, mutum fiye da 32,000 suka hau. Da wuya a samu gwajin da ya fi wannan armashi. Duk da haka harkar ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba, a 2011 majalisar birnin Edinburgh ta ƙi ba da izinin gina tasha a Portobello, magana ta mutu. Wannan misali yana da amfani ga ɓangarorin biyu, amma a ganina ya fi taimakon masu cewa a gwada. Gaskiya ne cewa cincirindon mako biyu a tsakiyar bazara, lokacin hutu, da yawansu 'yan kallo ne da suka zo ɗanɗana sabon abu, ba ya nuna yawan ma'aikatan da za su biya kuɗin tikiti kowace safiya a watan Janairu. Sai dai kamfanin haya ya ɗauko. Da aka hana shi tasha, asararsa ta tsaya a kuɗin gwaji da na shirye-shirye, bai wayi gari da jirgin miliyoyi a ajiye yana tsatsa ba. Tsakanin Forth da King Cove ƙirar jirgi ɗaya ce, shekara ɗaya ce, ɗaya ya ara ya gani, ɗaya ya saya sannan ya gani.

Akwai abin da ko haya ba ta warwarewa idan direban mai jirgin ne yake tuƙi. Lardin Oita na Japan ya yi shekaru tun 1971 yana kai fasinja filin jirginsa da hobakiraf, har aka daina a 2009. Da aka yanke shawarar farfaɗo da harkar, an sayo sababbi uku daga kamfanin Griffon Hoverwork na Ingila, irin waɗanda suke aiki kullum a kudancin Ingila. A watan Nuwamba na 2023, a ranar farko ta horar da direbobi, na farkonsu ya daki shingen ƙarfe a hanyar shiga filin jirgin ya lalace. An ƙara samun wasu haɗurran a lokacin horo, jigilar filin jirgin kuma ba ta fara ba sai a 2025. Shekara goma sha huɗu na hutu sun isa su tafi da hannayen da suka iya aikin. Don haka duk gwajin da ba a sa wanda zai riƙa tuƙin yau da gobe a kan kujera ba, da bakaniken da zai riƙa kwance fanka yana sauya yatsun siket ɗin, wato ƙananan sassansa na ƙasa, da yashi ya cinye, an gwada jirgi ne a hannun mutanen da ba za su biyo shi gida ba.

Doka ma ba a jin ta a kan kujerar jirgi. John Sturgeon, wani maharbi a Alaska, ya yi shekaru yana bin kogin Nation da ƙaramin hobakiraf ɗinsa zuwa wurin farauta. A 2007 jami'an gandun daji na tarayya suka tare shi suka ce dokarsu ta haramta irin wannan jirgi a yankunan da suke kula da su. Sai da maganar ta je Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, a 2016 da 2019, kafin ya yi nasara, kuma nasarar ta dogara ne da wata doka ta musamman da ta shafi Alaska. A ƙasashe da dama ana taƙaita hobakiraf a tafkuna da wuraren da tsuntsaye ke kiwo saboda ƙararsa. Mai saye don shaƙatawa da bai tambayi inda aka yarda ya hau ba zai iya mallakar jirgin da ke iya zuwa ko'ina amma ba a yarda ya je ko'ina ba.

Tambayar da ta fi dacewa mai kasuwanci ya kai wurin gwaji ita ce ko akwai abin da ya fi wannan jirgi araha da zai yi aikin. Manyan jiragen SR.N4 sun yi jigila tsakanin Ingila da Faransa daga 1968 zuwa 2000. Biyu daga cikinsu da aka ƙara wa tsawo kowanne yana ɗaukar fasinja 418 da mota 60, ɗayansu ya taɓa hayewa cikin minti 22 a 1995. Gudu bai cece su ba. Suna shan mai kamar me, an buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku a 1994, an soke cinikin kaya marasa haraji a cikin jirage a 1999, shekara guda bayan haka aka ajiye su. Amma kamfanin Hovertravel yana nan tun 1965 yana haɗa Southsea da garin Ryde na tsibirin Wight cikin kamar minti goma. Sirrin yana bakin gaɓar Ryde: idan teku ta janye, sai yashi ya shimfiɗu mai nisa, jirgin ruwa dole ya tsaya can ƙarshen wata doguwar gada, hobakiraf kuwa ya hau yashin ya sauke mutane a bakin gari. Haka ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda tun 2002 take amfani da ƙananan hobakiraf a wurare irin su Morecambe, inda taɓo da yashi mai haɗiye mutum suke hana kwale-kwale da mota isa. Inda jirgin ya daɗe, za ka tarar wuri ne da ba ruwa sosai ba, ba tudu sosai ba. Inda ruwa yake da zurfi duk shekara, jirgin ruwa na yau da kullum ya fi shi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Ba nauyi ɗaya ke kan mai shaƙatawa da mai neman riba ba, kuma a nan zan sassauta wa masu shakka. Wanda zai sayi ƙaramin jirgi don nishaɗin ƙarshen mako ba ya buƙatar hayar wata shida. Ya ishe shi ya biya kuɗin horo na yini ɗaya ko biyu a wurin da ba mai sayarwa ne ke koyarwa ba, ko ya je taron ƙungiyar masu irin wannan jirgi, kamar wadda take Birtaniya tun shekarun 1960, inda zai ga ƙira iri-iri ya kuma ji ta bakin waɗanda suka riga suka kashe kuɗinsu. Idan ya zo gwada wanda zai saya, ya cika shi da nauyin da zai riƙa ɗauka, ya kashe inji a tsakiyar ruwa ya ga ko zai tashi ya haye tudun, ya bi iska ya kuma fuskance ta, ya leƙa ƙarƙashi ya ga siket da gindin. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da waɗannan ya riga ya ba da amsa. Mai kasuwanci kuwa, wanda zai ɗauki rayukan mutane da kuɗin masu zuba jari, hawan rabin sa'a bai ma shiga lissafinsa ba.

Maganar ta shafe mu ta wata fuska da ba kowa ya sani ba. A 1969 wani ayarin Turawa ya taso daga Sanagal da hobakiraf ƙirar SR.N6, ya bi kogin Neja da Binuwai, ya kai Tafkin Chadi, ya ƙarasa Kwango. Sun nuna jirgin zai iya ratsa kogunan da suke ƙafewa su bar tsibiran yashi da rani, kuma a takarda babu wurin da ya fi dacewa da shi kamar irin waɗannan. Fiye da shekara hamsin bayan haka, kwale-kwale mai inji ne yake ɗauke da mutanen Yawuri da na Baga, domin ana samun mai gyaransa a kowace kasuwar bakin ruwa. Ƙaramin hobakiraf bai fi taƙi ɗaya yake ɗagowa daga ƙasa ba, to yaya zai yi da kachallar da ta toshe hanyoyin ruwan Hadeja da Nguru, wadda ta fi mutum tsawo? Zafin watan Afrilu yana rage wa inji ƙarfi, ƙurar hunturu tana cin fanka da matatar iska, kowane yatsan siket kuma da kuɗin waje za a sayo shi. Waɗannan tambayoyi ne da tafkin mai sayarwa a Turai ba zai amsa ba.

Saboda haka ina tare da masu cewa a gwada, bisa sharaɗin da masu shakka suka tilasta mana: gwajin ya zama a ruwan mai saye, da kayansa, da direbansa, a lokacin da yanayi ya fi muni. Duk gwamnatin jiha ko hukumar agaji ko ɗan kasuwar da aka kawo wa tallar wannan jirgi, ya nemi haya da sharaɗin saye, wadda za ta ratsa damina da rani, a rubuta kowace lita ta mai da kowace ranar da jirgin ya kasa fita, a kuma samu izinin hukumar kula da hanyoyin ruwa a rubuce tun kafin jirgin ya baro masana'anta. Idan kamfanin ya ce ba ya ba da haya, a riƙe kuɗin a sayi kwale-kwale masu kyau da rigunan ceto.